Gwal ɗin lefe da kuɗin nazire: amsa ga uwar da ke tsoron kada ta cuci ɗanta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, yarana biyu. Babban namiji ne, ya kusa cika shekara uku, ƙanwarsa kuma tana goye. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ina ɗinki a gida. In aka haɗa albashinsa da abin da nake samu, muna tashi da kamar naira 400,000 a wata, kuma gidan haya muke. Faccalata ta sa yaranta a wata makarantar kuɗi mai tsada. Duk ranar da muka haɗu a gidan surukanmu, yaran nan Turanci suke zubawa, kowa yana yabawa, nawa kuma ya yi tsuru yana kallonsu. Na je makarantar na tambaya. Kuɗin zango naira 420,000, kuɗin mota 90,000 duk zango, rajista 150,000, ban da yunifom da littattafai. A layinmu akwai wata ƙarama da ake biyan 65,000 a zango, amma ginin ba wani na a-zo-a-gani ba ne. Maigida ya ce ta unguwa zai iya biya, ba zai wuce nan ba. Ni kuma na ce zan sayar da gwal ɗin lefena, in haɗa da kwasar adashena in cika. Tun daga nan muke 'yar tsama. Mai makarantar mai tsadar ta ce min shekarun farko su ne komai, in aka bari suka wuce ba a kamo su. Anti, tsoro nake ji kada in cuci yarona saboda kuɗi. Me zan yi?

Uwar yara biyu, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya sa albarka.

Zan fara ba ki amsar kai tsaye, sannan in faɗa miki dalili. Kada ki sayar da gwal ɗin nan, kuma kada ki kai yaron wannan makarantar a halin da kuke ciki yanzu. Ba don makarantar ba ta da kyau ba, wataƙila tana da kyau ƙwarai. Sai don abin da yaro ɗan shekara uku yake buƙata ba shi ne abin da ya sa kuɗinta ya kai haka ba, kuma kuɗin da za ki zuba yanzu akwai ranar da za ki neme shi ido rufe.

Ɗauko biro mu yi lissafin da na tabbata mai makarantar ba ta yi miki ba. Zango uku ne a shekara. Kuɗin makaranta kaɗai naira 1,260,000 ke nan. Mota 270,000. Ki ɗora rajista, shekarar farko ta tashi a kan 1,680,000, alhali ko safa ba ki saya ba. Abin da ke shigowa gidanku a shekara, a ƙiyasinki, naira 4,800,000 ne. Wato sama da kashi ɗaya bisa uku na duk abin da ke da maigidanki kuke wahalar nema zai tafi a kan yaron da har yanzu sai an taimaka masa ya sa takalmi. Daga shekara uku zuwa shida, kafin ya shiga aji ɗaya, za ki biya naira 4,740,000, kusan samun shekara guda cur. Ta layinku a daidai wannan tsawon lokaci 585,000 ce. Bambancin ya haura miliyan huɗu.

Wannan ma in an ɗauka ba za a ƙara kuɗin ba ne, kuma ke ma kin san za a ƙara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da wuya ki sami makarantar kuɗin da iyaye ba su karɓi takardar ƙari daga gare ta ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Makarantar da ke kunna janareta da na'urar sanyaya ɗaki, tana kuma zuba mai a motocin ɗaukar yara, ita ce ta fi kowa saurin ɗora wa iyaye wannan nauyin, domin ba ta da wani wurin da za ta kai shi. Sannan akwai 'yan kuɗaɗen da ba a rubuta su a takardar farko: ranar al'adu, ranar wasanni, yawon buɗe ido, hoton aji, fatin ƙarshen zango, da bikin yaye inda ake sa wa yara 'yan shekara biyar doguwar riga da hula mai tunku kamar sun gama digiri. Kowanne da kuɗinsa, kuma babu uwar da za ta yarda ɗanta ne kaɗai bai biya ba.

Yanzu ki dubi wadda ke bayanki. Nan da shekara biyu ita ma ta isa shiga. Za ki kai yayanta ta masu kuɗi ki kai ta ta layi? Ba za ki iya ba, zuciyarki ba za ta bar ki ba. To su biyun naira 3,060,000 ke nan a shekara, kusan kashi biyu bisa uku na samunku, kafin a yi maganar haya, abinci da asibiti. In Allah ya ƙara kawo rabo fa?

Gwal kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. In maigida ya tsaya a kan 65,000 ɗinsa, ke ce za ki riƙa nemo 445,000 duk bayan wata huɗu. Gwal da adashe za su iya kai ki zango biyu ko uku. Daga nan sai me? Abin da na fi jiye wa yaro tsoro a irin wannan hali shi ne a sa shi, ya saba da malamarsa da abokansa, sannan a tsakiyar shekara a fara riƙe shi a gida saboda ba a cika kuɗi ba, ko a tsayar da shi a bakin ƙofa a ce ya koma, daga ƙarshe a cire shi a mayar da shi inda aka raina tun farko. Yaro yana ganin wannan, yana kuma jin muryoyin iyayensa in suna cacar baki a kan kuɗinsa. Wanda ya fara a ta unguwa ya zauna daram cikin kwanciyar hankali ya fi shi riba nesa ba kusa ba.

Sai maganar da mai makarantar ta faɗa miki, wadda na ga ita ce ta fi tsaya miki a rai. Rabinta gaskiya ne. Shekarun farko suna da nauyi ƙwarai, masana ba su da saɓani a kan haka. Amma ya kamata ki san inda wannan maganar ta samo asali, domin in kin san shi za ki ga ba ya nuna hanyar makaranta mai tsada.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a wani gari mai suna Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, daga 1962 zuwa 1967, ana kiransa shirin Perry. Yara 123 ne, duk 'ya'yan talakawa baƙar fata, masu shekara uku zuwa huɗu. An sa 58 daga cikinsu a aji, sauran aka bar su a gida, aka ci gaba da bibiyar rayuwarsu har suka kai shekara arba'in, har ma bayan nan. Waɗanda suka shiga ajin sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗi, kuma ba su kai sauran faɗawa hannun 'yan sanda ba. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a shekarar 2000, ya lissafa cewa kuɗin da aka kashe a shirin ya riƙa dawo da ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowace shekara. Daga irin wannan ne masu makarantu a duk duniya suke ɗauko zancen cewa nazire jari ce.

To amma me aka yi wa yaran a can? Awa biyu da rabi kawai suke yi a aji da safe. Kowace malama yara biyar ko shida ke hannunta. Yaran ne ke zaɓar abin da za su yi, su yi shi, sannan su zauna da malama su ba da labarin abin da suka yi. Duk mako kuma malamar tana zuwa gidan yaron ta yi kamar awa ɗaya da rabi tare da shi da uwarsa. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, fifikon da suka samu a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe bayan 'yan shekaru a firamare. Abin da ya zauna musu shi ne ɗabi'a: haƙuri, riƙe kai, iya zama da mutane, da gama abin da aka fara. Kuma kada ki manta, an kwatanta su ne da yaran da ba su je ko'ina ba, daga gidajen da ke cikin matsanancin rashi. Binciken bai kwatanta makaranta mai tsada da mai sauƙi ba. Zaɓin da ke gabanki ke nan, kuma Perry bai ce komai a kansa ba.

Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na Kingston a ƙasar Jamaika, wanda aka fara a 1986 ƙarƙashin jagorancin wata likita, Sally Grantham-McGregor. Yara 129 ne da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su, masu wata 9 zuwa 24. Ba a gina musu aji ba, ba a ɗinka musu yunifom ba. Ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa gidajen kimanin rabinsu sau ɗaya a mako na tsawon shekara biyu, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma da tarkacen gida ake haɗa su. Bayan shekara ashirin da aka waiwaye su, sai aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyarar suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya canza rayuwar yaran nan uwa ce da aka koya wa hira da ɗanta.

Akwai kuma wanda masu makarantu ba sa son ambatonsa. A jihar Tennessee ta Amurka, masu bincike na jami'ar Vanderbilt sun bi yara kusan 3,000 da suka nemi shiga rabin aji na gwamnati, wasu suka samu gurbi ta hanyar ƙuri'a, wasu ba su samu ba. Da farko waɗanda suka shiga sun yi gaba a haruffa da lambobi. Cikin shekara guda sauran suka kamo su. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa da suka kai aji shida, waɗanda suka shiga rabin ajin ne a baya a jarrabawa, kuma sun fi shiga matsalar ladabtarwa. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta nuna damuwa a kan yadda ake zaunar da ƙananan yara ana ɗura musu karatu irin na manya, ana rage musu wasa. Na kawo miki wannan ne don ki san shiga aji da wuri ba shi da wata albarka a karan kansa. Abin da ake yi a cikin ajin shi ne magana. A Finland, wadda ake yawan buga misali da iliminta, sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga aji ɗaya.

In kin haɗa waɗannan uku, abin da ke amfanar yaro a wannan shekarun a fili yake: babba mai fara'a da haƙuri da ke yi masa magana yana kuma sauraronsa, yara kaɗan a hannun wannan babban, wasa mai yawa, da wurin da ba a firgita shi. Kuɗi yana iya sayen waɗannan, gaskiya ne, domin malama mai kyau tana buƙatar albashi mai kyau, aji mai yara kaɗan kuma yana da tsada. Matsalar ita ce a garuruwanmu tsadar makaranta ta fi bin unguwar da take, da kuɗin hayar ginin, da tayil, da dizal, da irin motocin da ke ajiye yara a ƙofa. Sau da yawa malamar da ke cikin ajin mai sanyi da wadda ke cikin na layinku kwaleji ɗaya suka gama, takardar NCE ɗaya ke hannunsu. Iyaye ba sa ganin albashin malama, gini suke gani, don haka a gini mai makaranta ke zuba kuɗi.

Haka sunayen da ake liƙawa a allon ƙofa. Za ki ga an rubuta Montessori da manyan baƙi. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, kuma ajinta na farko ta buɗe shi ne a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori. Tsarinta yana da alamomi da ake gane shi da su: yara masu shekara uku zuwa shida a aji ɗaya, kayan aiki a kan kanta daidai tsawon yaro, kowa ya ɗauki abin da yake so ya daɗe yana yi ba a katse shi ba. Sunan ba mallakin kowa ba ne, kowa yana iya rubuta shi. In kin shiga aji kika ga yara a jere a kan benci suna maimaita abin da malama ta faɗa da ƙarfi, to sunan a allo ya tsaya.

Yanzu mu zo kan Turanci, domin na lura a nan ciwon yake. Abin da ya faru a gidan surukanku ya sosa miki rai, kuma ban ga laifinki ba. Uwa ba ta son a yaba 'ya'yan wata a gaban nata, balle 'ya'yan faccala. Amma ki tsaya ki saurari Turancin da yaran suke yi. Yawanci gaisuwa ce, da waƙoƙi, da 'yan jimlolin da aka haddace. Abin sha'awa ne, amma ba shi ne ma'aunin kaifin yaro ba. Yaron da ya iya ba ki labari da Hausa daga farko har ƙarshe, ya iya tambayar dalilin abu, ya iya yi miki musu da hujja, ya riga ya mallaki abin da za a ɗora kowane harshe a kai. A nan Najeriya aka gwada wannan. Daga 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun fi su. Don haka in wata makaranta tana alfahari da cewa tana hukunta yaron da ya yi Hausa a harabarta, ni a wurina wannan abin gudu ne. Ɗan shekara uku da aka hana shi harshen da yake tunani da shi shiru kawai zai koya. Turanci zai zo, yana da shekaru goma sha biyu na firamare da sakandare a gabansa.

Kada ki ɗauka ina cewa ki rufe ido ki miƙa shi ta layinku don tana da araha. Akwai makarantun unguwa da ba su dace a ajiye ko akuya ba: ɗaki ɗaya mai duhu, yara hamsin, malama ɗaya da bulala. In ta layinku haka take, ita ma ban yarda ba. Abin da za ki yi shi ne ki je ki gani da idonki, da safe wajen ƙarfe goma, ba ranar da suka gayyaci iyaye ba. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji na rabin awa. Makarantar da ta hana ki wannan ta riga ta ba ki amsa. In kin zauna, ki ƙirga yaran, ki ƙirga manyan da ke tare da su. In babba ɗaya ke fama da 'yan shekara uku fiye da ashirin ba mai taimaka masa, reno ne kawai ake yi, kuma ko renon ba zai yi kyau ba. Ki lura da wanda ya fi yin magana, malama ko yara. Ki ga abin da take yi in yaro ya yi kuka ko ya yi fitsari a wando: tana durƙusawa ta rarrashe shi, ko tsawa take daka masa a gaban 'yan'uwansa? Ki duba ko akwai bulala a kan tebur. Ki leƙa banɗaki, ki ga ko akwai ruwa da sabulu. Ki duba ƙofa, wa ke tsaronta, kuma yaya suke tabbatar da wanda ya zo ɗaukar yaro. Ki tambayi malamar shekararta nawa a wurin, domin makarantar da malamai ke gudunta duk zango akwai abin da ke korar su. Ki tambayi mai makarantar takardar rajistarta da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha.

Ki kuma tambaya ko ana ba 'yan shekara uku aikin gida na rubutu. In aka ce miki e, cike da alfahari, har da cewa yaransu suna rubuta ɗaya zuwa ɗari, to ki rage musu maki a ranki. Yatsun ɗan shekara uku ba su gama ƙwari don riƙe fensir na dogon lokaci ba. Yayyaga takarda, murza laka, zuba yashi a gwangwani, zane da alli, su ne ke shirya hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, barcin awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki auna wannan da rayuwar yaron da za a tashe shi da asuba don mota ta zo kafin ƙarfe bakwai, ya yi ta zagaye cikin cunkoson gari ana kwasar wasu, ya dawo a gajiye da rana tsaka. Makarantar da za ki riƙe hannunsa ku taka zuwa cikinta a minti biyar tana da wata daraja da ba a rubuta ta a takardar kuɗi.

Ki yi wannan ziyarar a makarantu uku ko huɗu, har da mai tsadar, da ma'auni ɗaya. Tsakanin 65,000 da 420,000 akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ake yawan samun wadda ta dace. Kada ma ki raina rabin aji na firamaren gwamnati da ke kusa da ku ba tare da kin leƙa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma akwai firamaren gwamnati da dama da ke da irin wannan ajin. Wasu cunkoso ya kashe su, wasu kuma za ki tarar da dattijuwar malama da ta fi shekara ashirin tana wannan aiki.

Akwai lokacin da zan ce wa uwa ta biya mai tsada ba tare da na yi jinkiri ba. In yaro yana da wata lalura, kamar jinkirin magana ko matsalar ji ko galahanga, kuma makarantar tana da ƙwararren da ya san aikin da gaske, wannan kuɗin magani ne, ana iya sayar da kadara a kansa. In uwa tana aikin da ke fitar da ita tun safe har yamma, makarantar kuma ita ce amintaccen wurin da zai riƙe mata yaro har ta tashi, to kuɗin yana sayen aikinta ne ma. Haka in gida yana da yalwar da za a biya daga samun wata-wata, ba a taɓa jari ba, ba a ci bashi ba, kuma za a iya yi wa duk yaran gidan daidai. Faccalarki wataƙila tana cikin waɗannan, Allah ya ƙara mata. Ke a wasiƙarki ba ki ambaci ko ɗaya ba. Kina gida, yaronki lafiyarsa lau, kuɗin kuma sai an sayar da abin wuya.

Ki riƙe kuɗinki don inda tsada ke da tasiri na zahiri. A sakandare ne bambancin makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje da malamin lissafi na ƙwarai da wadda ba ta da su yake fitowa ƙarara a sakamakon WAEC da NECO da JAMB. A can ne za ki so a ce kina da abin da za ki ɗaga. Gwal yana daga cikin 'yan abubuwan da ke riƙe darajarsu in naira ta faɗi, kuma shi ne abin da mace ke juyawa gare shi ranar da ciwo ko haya ko karyewar jari suka zo ba sallama. In kina son ki ji kin yi wa yaron wani abu yanzu, ki ware wani abu duk wata da sunansa, ko ki ƙara keken ɗinki ki ɗauki yarinya mai taya ki, samunki ya ƙaru.

A gida kuma aikin da ke gabanki ba ya cin ko sisi, kuma kin fi kowace malama damar yin sa. Ki riƙa yi masa magana kina aiki. In kina yanka yadi, ki faɗa masa launinsa, ki ba shi ƙyalle ya ware ja daban, shuɗi daban. Ya ƙirga miki maɓallai. In za ki dafa wake, ku tsince tare. Da dare ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, gobe ki ce shi ya ba ki, ko da ya rikita ta. Ki yi masa kacici-kacici. Ki samo littattafai masu hotuna, na Hausa da na Turanci, ko na hannu ne, ku riƙa dubawa tare kina tambayarsa me yake gani, me yake zaton zai faru. In ya yi tambayar da ta ishe ki, ki daure ki amsa. Ki bar shi ya fita tsakar gida ya yi wasa da yara ya yi datti. Ki rage ba shi waya don ya yi shiru. In ya fara zuwa Islamiyya, ki tuna ita ma makaranta ce, kada a haɗa wa ɗan shekara uku zaman aji safe da yamma har ya rasa lokacin wasa da barcin rana.

Saura maigida. A wannan karon lissafinsa ya fi naki daidai, kuma ba gazawa ba ce ki faɗa masa haka. Gwal ɗinki hakkinki ne, ba mai hana ki sayarwa, amma makaranta ba sayayyar rana ɗaya ba ce, alƙawari ne na shekaru da zai hau kan gidan gaba ɗaya, kuma ranar da naki ya ƙare wuyansa za a kama. Allah ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Mutumin da ya ce ga iya abin da zan iya, ya kuma tsaya a kai, ya fi wanda zai amsa don a zauna lafiya sannan a riƙa korar yaro. Sai dai shi ma akwai nasa. Ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce kin janye maganar gwal, amma kina da buƙata biyu. Ta farko, ya ware safiya ɗaya ku zaga makarantun tare, kada zaɓin ya zama na wadda ta fi araha kawai. Ta biyu, ku yanke adadin da za ku riƙa ajiyewa duk wata don karatun yaran na gaba, a asusun da ba a taɓawa. In kun tarar ta layinku ba ta cika sharuɗɗan da na lissafa ba, ya yarda a ƙara wani abu a kan 65,000 ɗin a nemi ta tsakiya, ke ma ki sa hannu daga ribar ɗinki, ba daga jari ba. In kuma duk waɗanda ke kusa ba su yi muku ba, ku bar shi a gida zuwa shekara huɗu ku sake dubawa, babu abin da zai wuce shi a wannan shekara guda.